Maganar da Ta Kasance: Nazarin Jimlar Ibrananci ta Karɓar Saƙon Annabci da Matsayinta a Fassarar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wata kafaffiyar jimla ta Ibrananci wadda Tsohon Alkawari yake amfani da ita wajen bayyana isowar saƙon Allah ga annabi. Ta warware kalmomin jimlar, ta nuna aikin da take yi a cikin labari, sannan ta auna hanyoyin da mai fassara zuwa Hausa yake da su. Ra'ayin maƙalar shi ne Hausa tana da abin da za ta riƙe jimlar yadda take, domin kalmar "magana" tana ɗaukar kusan duk nauyin da takwararta ta Ibrananci take ɗauka.

Gabatarwa

Roni tana cikin masarautar Kazaure, a arewa maso yammacin jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar jihar Kano a 1991. A zamanin mulkin mallaka mishan ɗin SIM ta kafa tasha da makarantar yara maza a garin, kuma daga aikin wannan mishan ne ekilisiyar ECWA ta fito a 1954. Kiristocin wannan yanki Hausawa ne, da Hausa suke karanta Littafi Mai Tsarki, a tsakiyar al'ummar da kunnenta ya saba da kalmomin "wahayi" da "saukar aya" tun daga makarantar allo. Saboda haka duk kalmar da mai fassara ya zaɓa don ya faɗi yadda saƙo ya iso ga annabi, kunne biyu ne suke sauraronta.

Fassarar kanta tana da tarihi. James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da mishan ɗin CMS, ya fara fitar da sassan littafin da Hausa a shekarun 1850, da taimakon Dorugu, yaron da ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila. Cikakken littafin ya fito a 1932, aikin da aka fi danganta shi da Dokta Walter Miller na Zariya, sannan wata sabuwar fassara ta biyo baya wajen 1980. A tsakanin biyun har sunaye sun sauya: Yunana ya koma Yunusa, Yohanna ya koma Yahaya, littafin ƙarshe kuwa ya tashi daga Ru'ya ya koma Wahayi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa masu fassara suna sane da kunnen Bahaushe.

Kalmomin jimlar

Jimlar tana da gaɓa biyar. Ta farko aikatau ne, haya, wanda a cikin labari yake zuwa da siffar wayhi. Ta biyu suna ne, dabar, haɗe da sunan Allah mai baƙaƙe huɗu, wanda Yahudawa ba sa furta shi, sai su ce Adonai a madadinsa, Hausa kuma ta ce Ubangiji. Ta uku ƙaramar kalma ce, el, mai nuna fuskanta, kamar "zuwa ga". Daga nan sai sunan annabin, sai lemor, wadda take buɗe bakin zancen da zai biyo.

Abin lura na farko yana ga aikatau. Ibrananci yana da kalmar zuwa, wato bo, yana da kalmar sauka, wato yarad, amma jimlar ba ta ɗauki ko ɗaya ba. Haya tana nufin kasancewa, zama, ko aukuwa. Da ita ake faɗin an yi yunwa a ƙasa, da ita ake faɗin yamma ta yi. Tsofaffin masu fassara sun ga wannan. Fassarar Girkanci ta Yahudawan Iskandariyya ta sa egeneto, wato ya auku. Jerome ya bi sahu a Latin, Martin Luther ma ya zaɓi aikatau na aukuwa a Jamusanci. Fassarar Larabci ta Van Dyck, ta 1865, tana amfani da kana da sara, dukkansu na kasancewa. Fassarar Ingilishi ta Sarki James, ta 1611, ita ce ta yaɗa aikatau na zuwa, kuma da yake da Ingilishi yawancin 'yan mishan na Nijeriya suka tashi, ba abin mamaki ba ne a ji amonta a harsunan ƙasar.

Abin lura na biyu yana ga dabar. Kalmar tana nufin abin da aka furta, tana kuma nufin al'amari ko sha'ani. Littafin da Hausa take kira Tarihi, a Ibrananci sunansa yana ɗauke da jam'in wannan kalma, da ma'anar al'amuran kwanaki. A nan Bahaushe ya fi Bature sa'a. Idan aka ce "maganar filin nan tana gaban alƙali", ko "wata magana ce ta taso a gidan", ba furuci ake nufi ba, al'amari ne da ya tsaya wa mutane. Kalma ɗaya ta riƙe ɓangarorin biyu, kamar yadda dabar ta riƙe su.

Sai dai akwai iyaka. A 1952 Thorleif Boman, masani daga ƙasar Norway, ya gina ra'ayi mai faɗi a kan irin waɗannan kalmomi, cewa tunanin Ibraniyawa mai motsi ne, na Girkawa kuma tsayayye. James Barr ya rushe wannan a littafinsa na 1961 kan ma'anar kalmomin Littafi Mai Tsarki, ya nuna cewa kalma mai ma'ana biyu ba ta ɗauke da dukkansu a kowace jimla. Barr yana da gaskiya, kuma wannan maƙala ta karɓi gargaɗinsa. Hujjarta ba ta rataya a kan asalin kalma ba, ta rataya ne a kan ginin jimla: a nan magana ce aikau. Ita ce ta yi aikin kasancewa, annabi kuwa wurin da ta fuskanta ne kawai.

Aikin jimlar a cikin labari

Oskar Grether, a bincikensa na 1934, ya ƙirga haɗin dabar da sunan Allah kimanin sau 240 a Tsohon Alkawari, mafi yawansu a kan saƙon annabci. Walther Zimmerli, mai sharhin littafin Ezekiyel, ya yi wa jimlar laƙabi da Jamusanci mai ma'anar jimlar aukuwar magana. Rabonta bai daidaita ba. A Ezekiyel tana zuwa kusan sau 50, a Irmiya ma ta yawaita, amma a Ishaya da ƙyar ake cin karo da ita. Wannan yana nuna ta fi bunƙasa a ƙarni na 7 da na 6 kafin Miladiyya, lokacin rushewar Urushalima da zaman bauta a Babila.

Da yake aukuwa ce, ana iya sa mata kwanan wata, kuma ana sa wa. Irmiya ya fara karɓa a shekara ta 13 ta sarautar Yosiya, wajen 627 kafin Miladiyya. Ezekiyel ya karɓa a shekara ta 5 ta bautar Sarki Yehoyakin, wato 593, a bakin kogin Kebar, kuma a wurin marubucin ya ninka aikatau ɗin, haya a kan haya, don ƙarfafawa. Haggai ya karɓa a rana ta farko ga wata na 6, a shekara ta 2 ta Dariyus, wato 520.

Wuraren da suka fi bayyana amfanin jimlar su ne inda annabi ya rasa magana, ko ya faɗi tasa. A sura ta 7 ta littafin Sama'ila na biyu, Dawuda ya gaya wa Natan yana so ya gina wa Allah ɗaki. Natan ya ce masa ya yi abin da ke zuciyarsa. A wannan daren jimlar ta bayyana, kuma saƙon da ta kawo ya soke shawarar da Natan ya bayar da rana. Mai karatu yana ganin baki ɗaya ya faɗi abu biyu, jimlar ce ta raba masa wanda yake na Natan da wanda ba nasa ba.

A sura ta 28 ta Irmiya abin ya fi zafi. Hananiya ya tsaya a Haikali gaban firistoci da jama'a, ya yi shelar cewa cikin shekara biyu za a karya ikon Babila, har ya cire karkiyar itace da ke wuyan Irmiya ya karya ta. Bayan karya karkiyar Irmiya bai mayar da martani ba, ya kama hanyarsa. Sai bayan haka maganar ta kasance gare shi, ya dawo da amsa. A sura ta 42 kuwa, shugabannin yaƙi sun roƙe shi ya nemo musu shawara ko su gudu Masar, ya zauna kwana 10 kafin amsa ta iso. Mutum mai ikon fitar da magana daga cikinsa ba zai bar jama'a cikin tsoro har kwana 10 ba. Labarin Ishaya da Sarki Hezekiya ya nuna ɗayan gefen: ya gaya wa sarki zai mutu, bai ma fita daga tsakar fada ba maganar ta tarar da shi, ya juya da albishir na ƙarin shekara 15.

Sauran kalmomin da ke kewaye da ita

Jimlar karɓa daban take da jimlar isarwa. Idan annabi ya tsaya gaban mutane yakan buɗe da ko amar, wato haka wane ya ce. Wannan harshen manzanni ne na yau da kullum. Da shi Yakubu ya aiki manzanninsa wurin Isuwa, da shi jakadan Assuriya ya yi wa mutanen Urushalima magana da sunan sarkinsa. Wanda ya taɓa jin sanƙira yana zaga gari a ƙasar Kazaure yana farawa da "sarki ya gaishe ku" ya san yadda abin yake: murya ta mai shela ce, magana ta sarki ce. Amma kowa yana iya furta ko amar, kuma Hananiya ya furta ta. Jimlar karɓa kuwa littafin Irmiya bai ba shi ita ba.

Akwai kuma haza, gani na ru'uya. Buɗewar littattafan Amos da Mika da sura ta 2 ta Ishaya suna maganar magana da annabi ya gani, haɗin da ke iya damun mai fassara har ya so ya gyara shi zuwa ji. Bai kamata a gyara ba. Sai massa, daga aikatau na ɗauka, mai nufin kaya mai nauyi da kuma jawabin annabci, wadda ta buɗe Nahum da Habakuk da Malakai. A ƙarshen sura ta 23 Irmiya ya yi wasa da ma'anonin biyu a kan masu tambayarsa, kuma "nawaya" ta Hausa tana iya riƙe rabin wasan ne kawai.

Hanyoyin da ke gaban mai fassara zuwa Hausa

Hanya ta farko ita ce a ce Ubangiji ya yi magana da wane. Hausa ce mai daɗi, yaro ma zai gane, kuma irin zaɓin da tsarin fassarar ma'ana na Eugene Nida ya ƙarfafa ne daga shekarun 1960. Asararta ita ce ta sauya aikau. Ibrananci yana da jimlarsa ta cewa Allah ya yi magana da mutum, wadda ta cika littattafan Musa, to idan aka fassara biyun iri ɗaya, mai karatu a Roni ba shi da hanyar sanin cewa marubucin Ezekiyel ya zaɓi wani gini dabam da na Littafin Firistoci.

Hanya ta biyu ita ce aron kalmomin da Musulunci ya kafa a harshen, a ce an yi masa wahayi, ko maganar ta sauka. Suna da kwarjini, kuma maƙwabci Musulmi zai fahimci cewa ana zancen annabci ne. Amma kowace tana da nata kaya. Auha ta Larabci, tushen wahayi, tana nuna sanarwa a ɓoye cikin sauri, Allah ne aikau a cikinta, kuma Alƙur'ani ya yi amfani da ita har ga mahaifiyar Annabi Musa da ƙudan zuma. Sauka kuwa tana zana hanya daga sama zuwa ƙasa, tana kuma tuna wa Bahaushe littafi da aka saukar. El ta Ibrananci ba ta ce daga ina ba, ta dai ce zuwa ga wa. Girmama addinan biyu yana bukatar a bar kowanne da kalmarsa a inda ma'anoninsu suka rabu. Wahayi ta fi dacewa da hazon, sunan da ya fito daga haza.

Hanya ta uku ita ce a bar magana a matsayin aikau, a ce maganar Ubangiji ta zo wa wane. An ce "zo" gadon Ingilishi ne, amma a bakin Bahaushe ta yi wani aiki da Ingilishi bai shirya ba. Ana cewa "abin ya zo masa", "haihuwa ta zo mata da sauƙi", "ajali ya zo". A waɗannan babu tafiya da ƙafa, aukuwa ce da ta sami mutum ba da shirinsa ba, kuma wannan ne kusan abin da haya take yi idan ta haɗu da el. "Ta kasance" ta fi kusa da harafin Ibrananci, sai dai ta yi sanyi a kunne, ba ta nuna cewa a wani lokaci ne abin ya faru. Maƙalar ta fifita "ta zo wa", da sharaɗin a riƙe ta iri ɗaya a duk inda jimlar ta bayyana. Littafin Yunusa ya nuna dalilin sharaɗin: da jimlar ya buɗe, annabin ya gudu ta teku, sannan sura ta 3 ta maimaita ta da ƙarin kalma ɗaya, shenit, karo na biyu. Idan mai fassara ya sauya salo don gudun maimaici, ya ɓatar da abin da marubucin ya gina labarin a kai.

Haggai yana da wani ƙaramin bambanci da ya kamata a kiyaye. A farkon littafin ba a yi amfani da el gaban sunan annabin ba, an sa beyad, wato da hannun, domin saƙon yana wucewa ne ta wurinsa zuwa ga Zarubabel mai mulki da Yoshuwa babban firist. A ƙarshen sura ta 2 kuma el ta dawo. Fassarori da yawa na Turai sukan mayar da beyad "ta wurin" ko "ta bakin", amma Bahaushe yana aika saƙo da kuɗi da gaisuwa "ta hannun wane" kowace rana, don haka a wannan wuri fassarar Hausa tana iya bin Ibrananci kalma da kalma.