Nosferatu: fim ɗin da kotu ta ce a halaka, da ƴan uwansa da aka manta

A watan Maris na shekarar 1922 aka fara nuna wani fim marar magana a birnin Barlin na ƙasar Jamus, mai suna Nosferatu. Shekara uku bayan haka, kotu ta ba da umurnin a tattara duk kwafinsa a halaka. Yau fim ɗin ya haura shekara ɗari ana kallonsa, kuma manyan masu shirya fim sun sake shi a 1979 da 2024. Tarihinsa na koyar da abin da ya shafi duk mai kula da al'adu: sake yin tsohon fim na iya raya sunansa, amma abin da ke ceton fim daga mutuwa shi ne a sami wanda ya adana shi, da wanda ya nuna shi ga na baya.

Tushen labarin littafi ne mai suna Dracula, wanda Bram Stoker, mutumin ƙasar Ailan, ya wallafa a 1897. Jarumin littafin matacce ne da ke tashi daga akwatin gawa da dare yana shan jinin masu rai. A tunanin Bahaushe ya fi kusa da maye, sai dai maye mutum ne mai rai da ke kama kurwa, shi kuwa wannan gawa ce da ta ƙi kwanciya. Wani ƙaramin kamfani mai suna Prana Film ya ɗauki labarin ba tare da neman izini ba. Mai ba da umurni, Friedrich Wilhelm Murnau, da marubucinsa Henrik Galeen suka sauya sunaye: Dracula ya koma Orlok, aka ɗauke labarin daga Ingila aka kai shi wani ƙagaggen gari na Jamus mai suna Wisborg, a shekarar 1838.

Sauyin bai tsaya ga sunaye ba. Orlok, wanda Max Schreck ya fito a matsayinsa, ba shi da kwarjinin basarake. Kansa ƙwal, kunnuwansa masu tsini, haƙoransa na gaba irin na ɓera. Ya shigo gari cikin jirgin ruwa tare da ɓeraye, annoba ta biyo shi, aka yi ta fitar da akwatunan gawa a jere. Masu kallo na 1922 ba su buƙatar a yi musu bayani: shekara huɗu ke nan da ƙarewar yaƙin duniya na farko, kuma murar da ta kashe miliyoyin mutane a 1918 da 1919 ba ta gushe daga zukatansu ba. A wannan fim ne kuma hasken rana ya zama ajalin mashayin jini, abin da babu shi a littafin Stoker, amma daga baya ya zama kamar doka a fina-finan irinsa.

Stoker ya rasu tun 1912, sai dai matarsa Florence na riƙe da haƙƙin mallakar littafin. Ta kai ƙara, kamfanin ya karye, kuma a 1925 kotun Jamus ta yanke hukuncin a halaka fim ɗin. Ta fuskar doka matar na da gaskiya. Amma kafin hukuncin, wasu kwafi sun riga sun ƙetare iyaka, kuma daga waɗannan ne ma'aikatan gidajen adana fina-finai suka yi ta harhaɗa shi guntu-guntu har ya dawo kusan yadda yake. Ba kowane fim ya yi wannan sa'a ba. Faifan wancan zamani da sinadarin nitrat ake yin sa, mai saurin kama wuta da saurin ruɓewa. Binciken da babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na dogayen fina-finai marasa magana na ƙasar sun ɓace baki ɗaya.

Da Werner Herzog ya sake yin Nosferatu a 1979, ya yi shi ne don ya ƙulla zumunci da sinimar Jamus ta kafin mulkin Nazi, wadda ƴan zamaninsa suka tashi a yanke da ita. A lokacin littafin ya fita daga kariyar haƙƙin mallaka, don haka ya mayar da sunan Dracula. Klaus Kinski ya fito a matsayin halitta mai kaɗaici, wadda ta gaji da rayuwar da ba ta ƙarewa. An ɗauki babban ɓangaren fim ɗin a garin Delft na ƙasar Holand, da dubban ɓeraye. A wajen Murnau, sadaukarwar matar ta tsarkake gari. A wajen Herzog kuwa, matar da Isabelle Adjani ta fito a matsayinta ta ba da ranta, amma mijinta ya riga ya kamu, ya hau doki ya tafi da cutar gaba. Robert Eggers, a nasa na 2024, ya mayar da hankali kan matar kanta, Ellen, da yadda na kusa da ita suka ɗauki tsoronta a matsayin ciwon hauka. Labari ɗaya ne, amma kowane zamani ya zuba masa irin nasa tsoro, kamar yadda dodon tatsuniya ke sauya kama daga bakin wata kaka zuwa na wata.

Sai dai hasken da ke kan fim guda yakan bar wasu cikin duhu. Misali na farko shi ne Dracula na harshen Sifaniyanci. A 1931 kamfanin Universal ya fitar da Dracula na Ingilishi tare da Bela Lugosi, wanda duniya ta sani. Amma a kan dandali guda, da dare, bayan ƴan wasan rana sun tashi, George Melford na ɗaukar wani da ƴan wasa masu jin Sifaniyanci, Carlos Villarías da Lupita Tovar. An manta da shi shekaru da dama, har sai da aka cike giɓinsa da wani kwafi da aka samu a gidan adana fina-finai na ƙasar Kiyuba, aka sake fitar da shi a farkon shekarun 1990. Masu nazari da yawa na ganin ya fi na rana kyawun ɗauka.

Na biyu shi ne Ganja & Hess, na Bill Gunn, baƙar fatan Amurka, a 1973. Masu kuɗin sun so fim mai saurin ciniki irin Blacula na 1972. Gunn ya ba su labarin wani masani da aka soka da tsohuwar wuƙa, ya wayi gari da ƙishin jini, fim da ke magana kan jaraba da addini da asali. An nuna shi a bikin Cannes na Faransa a wannan shekara, amma a gida aka datse shi, aka sayar da shi da wasu sunaye. Cikakken kwafin ya tsira ne a gidan tarihin fasahar zamani na birnin New York. Gunn ya rasu a 1989. Sai a 2014 Spike Lee ya sake yin fim ɗin da sunan Da Sweet Blood of Jesus, abin da ya sa wasu suka koma neman na asali.

Na uku zai fi amfanar malaman Faransanci: Les Yeux sans visage na Georges Franju, na 1960, labarin likitan da ke sace ƴan mata don ya dasa fatar fuskarsu ga ɗiyarsa da ta yi hatsari. A Amurka an ɗora masa muryoyin Ingilishi da wani suna na jan ƴan kallo, aka sayar da shi kamar tarkace. Ga manyan ɗalibai, fim ne da zai buɗe muhawara kan iyakar ilimi da son zuciyar uba.

Wannan mantuwa ba ta tsaya ga Turai da Amurka ba. Moustapha Alassane, wanda ya daɗe zaune a Tahoua kuma ya rasu a 2015, ya shirya Toula a farkon shekarun 1970, kan budurwar da aka ba aljanin ruwa a lokacin fari. Ba fim ɗin ban tsoro ba ne irin na Turawa, amma daga tsoro na gaske ya tsiro, kuma ya cancanci ƴaƴan Nijar su gan shi.

Matashin da ya kalli Nosferatu na 2024 a wayarsa zai iya ɗauka daga nan labarin ya fara. Aikin malami da ƙungiyar al'adu shi ne su ɗora tsohon kusa da sabon, a lakwal ko a gidan matasa, su bar ɗalibai su gano abin da aka riƙe da abin da aka sauya, da dalilin sauyin. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami mai adana ta da mai buɗe tulun.