Bakin Na Ƙasa, Kunnen Na Sama

Duk wanda ya daɗe a harkar kula da ma'aikata ya san cewa fannin yana da shekara sama da 100, kuma kusan kowane zamani yana zuwa da sabon malami da sabon littafi da sabuwar bita da ake shiryawa manajoji a otal. Amma in aka zauna aka bi manyan binciken da fannin ya ginu a kansu, za a tarar da abu ɗaya yana ta dawowa: halin da ma'aikaci ke nunawa a wurin aiki ya fi bin yadda aka tsara aikin, da kuma ko yana da bakin faɗar abin da ya gani ba tare da ya ji a jikinsa ba. Abin takaicin shi ne, kusan duk lokacin da aka gano wannan, sai kamfanoni su ɗauki rabin da ba ya cin kuɗi, wato daɗin baki da fara'a, su bar rabin da ke buƙatar shugaba ya saki wani abu daga ikonsa. Ni a ganina tarihin fannin nan tarihin wannan ja-in-ja ne, kuma gwanintar mu'amala da mutane da ba ta buɗe wa gaskiya hanya daga ƙasa zuwa sama ba, ba ta cancanci sunan ba.

Frederick Taylor, injiniya ɗan Amurka, shi ake fara ambata. A 1899, a kamfanin ƙarfe na Bethlehem, ya sa aka tsaya da agogon awon daƙiƙa a kan leburori masu loda dunƙulen ƙarfe a taragon jirgin ƙasa. A littafinsa na 1911 ya ba da labarin wani lebura da ya laƙaba wa suna Schmidt, wanda ya tashi daga loda tan 12 da rabi a rana zuwa tan 47, ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa 1.85. Sharaɗin Taylor a fili yake: tunani na ofis ne, lebura nasa bin umarni, in an ce ɗauka ya ɗauka, in an ce huta ya huta. A shekarar da littafin ya fito ma'aikatan masana'antar makamai ta gwamnati a Watertown suka yi yajin aiki saboda agogon nan, har majalisar dokokin Amurka ta kira Taylor ya yi bayani. Henry Ford ya ga irin wannan amsa ta wata fuska. A 1913 sai da ya ɗauki mutum sama da 50,000 kafin ya iya riƙe guraben aiki kusan 14,000, don mutane shiga suke yi suna fita. A Janairun 1914 ya ninka lada zuwa dala 5 a rana, amma ya kafa sashe na musamman da ke bin ma'aikata gida yana duba tsaftarsu da shan giyarsu da ajiyarsu a banki. Ma'aikaci ya sami kuɗi, bai sami baki ba.

Inda fannin ya sami gindin zama shi ne masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric, a gefen birnin Shikago, inda a lokacin ake ƙera kayan wayar tarho. Daga 1924 injiniyoyi suka fara gwada ko ƙarin hasken fitila zai ƙara yawan aiki, sakamakon ya ƙi fitowa yadda suka zata. A 1927 suka ware mata 5 masu harhaɗa wata 'yar na'ura, da ta shida mai jera musu kaya, a ɗaki na daban. Kowace in ta gama guda sai ta jefa ta a wani rami da ke gabanta, na'ura ta huda takarda ta ƙirga. Aka riƙa sauya musu lokacin hutu da abincin hantsi da tsawon ranar aiki, ana shawara da su kafin kowane sauyi, aiki kuma ya yi ta ƙaruwa har kusan kashi 30 cikin 100. Daga nan aka yi hira da ma'aikata sama da 21,000 tsakanin 1928 da 1930. A 1931 kuma aka sa ido a kan maza 14 masu haɗa wayoyi, aka tarar suna da tasu dokar da ba a rubuta ba: sun tsayar wa kansu abin da ya isa aikin yini, wanda ya wuce shi kuma sai a kai masa naushi a damtse ko a yi ta masa ba'a. Ba lalaci ba ne. Ana tsakiyar karayar tattalin arziki, sun san in suka nuna iyakar ƙarfinsu za a ɗaga musu ma'auni ko a sallami wasu. Elton Mayo na jami'ar Harvard shi ya yayata binciken, Fritz Roethlisberger da William Dickson kuma suka rubuta cikakken rahoto a 1939.

A nan ne mai suka zai shigo, kuma yana da hujja. Ɗakin matan nan bai cika sharuɗɗan gwaji ba. A farkon 1928 an cire biyu daga cikinsu saboda yawan surutu da rashin ba da haɗin kai, aka kawo wasu biyu masu zafin nama, ɗayarsu nauyin gidansu a kanta yake. An kuma sauya lissafin lada ya koma kan ƙoƙarin su kaɗai maimakon na babban sashe, abin da ya isa ya zaburar da kowa. Alex Carey ya fito da waɗannan a 1967, kuma a 2011 Steven Levitt da John List, bayan sun tono alƙaluman gwajin fitila na asali, suka nuna cewa babban tasirin da littattafai ke ta ambata ba ya cikinsu. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a daina koya wa ɗalibai cewa kulawa kaɗai ke ƙara aiki. Sai dai sukar ta rushe tatsuniyar ne, ba ta rushe abin da aka gani a ɗakin maza 14 ba, wato cewa ma'aikata suna da sani da lissafi da suke ɓoyewa in bayyanawa za ta cuce su. Abin da kamfanin Western Electric ya yi da wannan darasi shi ne babban abin lura. Daga 1936 ya ɗauki masu ba da shawara suna zagayawa suna sauraron damuwar ma'aikata a asirce, amma ba aikinsu ba ne su kai ƙorafi sama ko su gyara abin da aka yi kuka a kansa. Mutum ya fitar da abin da ke cinsa, ya sami sauƙi, ya koma kan bencinsa kamar yadda ya baro shi. Masu suka na wancan zamani sun ce wannan ilimin lallashin saniya ne don ta ƙara nono, Loren Baritz kuma a littafinsa na 1960 ya kira masanan bayin masu iko. Zargin yana da zafi, amma romon baka da ake sayarwa a bitoci da yawa a yau jikan wannan shiri ne.

Akwai wani reshe na fannin da ya bi ɗaya hanyar. Mary Parker Follett, wadda ta rasu a 1933, ta daɗe tana cewa umarni ya kamata ya fito daga abin da halin aikin ya buƙata, shugaba da na ƙasa su duba shi tare, amma ba a saurare ta sosai ba sai bayan shekaru. A Ingila, Eric Trist da Ken Bamforth, wanda shi kansa tsohon mahaƙin kwal ne, sun buga bincike a 1951 kan dalilin da ya sa sababbin injuna a ramukan kwal suka zo da fashin aiki da husuma. Da can ƙananan ƙungiyoyi ne, kowa ya zaɓi abokin aikinsa, su haƙa, su loda, su kafa turakun rufi tare. Sabon tsari ya raba mutum 40 zuwa 50 gida uku na karɓa-karɓa, kowa da guntun aikinsa, wanda ya shigo da dare ya tarar da ɓarnar na rana ba shi da wanda zai yi wa magana. Mutanen ba su canza ba, tsarin ne ya canza, hali ya biyo baya. Manajan da ya tura irin waɗannan mutane bitar gyaran hali ya bar jaki yana dukan taiki.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi tana Fremont a jihar Kalifoniya. General Motors ya rufe masana'antarsa ta can a 1982, bayan ta yi ƙaurin suna da yajin aiki da shaye-shaye da motoci masu aibi, kusan mutum 1 cikin 5 ba ya zuwa aiki a rana. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, aka dawo da mafi yawan tsofaffin ma'aikatan da ƙungiyar ƙwadagonsu. Cikin ɗan lokaci ingancin motocin ya kusa kamo na Japan, fashin aiki ya sauko ƙasa ƙwarai. Abin da aka ba su a zahiri yake: igiya rataye a saman layin haɗa mota. Wanda ya ga noti bai ɗauru ba sai ya ja ta, fitila ta kama, shugaban rukuni ya rugo, in ba a gyara ba kafin motar ta kai wani alama a ƙasa layin ya tsaya cak. A tsohon tsari tsayar da layi laifi ne da kan iya cin aikin mutum. An kuma yi alkawarin ba za a sallami kowa ba sai in kamfanin na fuskantar rushewa, kuma a 1988 da kasuwa ta faɗi aka cika alkawarin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba zai nuna ba sai ya tabbata nunawar ba za ta sa a kore shi daga ɗakin ba.

Wani zai ce to ashe koyar da mu'amala ɓata lokaci ne, tsari kawai za a gyara. Harkar jiragen sama ta nuna ba haka ba ne. Ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na Pan Am, suka yi karo a filin jirgin Tenerife, mutum 583 suka mutu. Matuƙin KLM babban mai horas da matuƙa ne a kamfaninsa. Yana fara gudu cikin hazo injiniyansa ya tambaya ko jirgin Pan Am ya fita daga titin, ya amsa da ƙarfi cewa ya fita, ba wanda ya sake tankawa. A Disambar 1978 jirgin kamfanin United ya faɗi kusa da Portland saboda mai ya ƙare, alhali na ƙasa da matuƙin sun ga mai yana raguwa, sun yi ta hannunka-mai-sanda ba su fito fili ba. Daga 1981 United ya fara horon da yanzu ya zama wajibi a duniya: a koya wa mataimaki yadda zai kira sunan kyaftin, ya faɗi damuwarsa, ya faɗi abin da yake ganin a yi, ya nemi amsa, a kuma koya wa kyaftin cewa neman ra'ayi wani ɓangare ne na aikinsa da ake jarraba shi a kai. Gwaninta ce da ake koyo, amma doka tana bayanta. Amy Edmondson ta ga haka a asibitoci: a binciken da ta buga a 1996, sassan da suka fi shugabanci nagari su ne suka fi kawo rahoton kuskuren magani, don a sauran sassan ma'aikatan jinya ɓoyewa suke yi.

Saura sukar da ta fi kusa da mu, cewa duk wannan ɗabi'ar Turawa ce, mu kuwa da kunya da girmama na gaba aka rene mu, yaro ba ya kallon idon oga balle ya ce masa ya yi kuskure. Geert Hofstede, wanda ya nazarci ma'aikatan IBM a ƙasashe da dama ya buga sakamakon a 1980, ya tabbatar da cewa al'ummomi sun bambanta wajen tazarar da ke tsakanin shugaba da na ƙasa. Amma matuƙan KLM 'yan Holan ne, ƙasar da tazarar nan take da ƙanƙanta, duk da haka bakinsu ya mutu a gaban babba. Igiyar Fremont kuwa daga Japan ta zo, inda girmama na gaba yake da ƙarfi. Inda kunya ta fi yawa, nan ne aka fi buƙatar hanyar da ba ta dogara da ƙarfin halin mutum ɗaya ba, domin mai jan igiya bai yi wa kowa rashin kunya ba, aikinsa ya yi. Najeriya ta taɓa zuwa bakin wannan ƙofa. Kwamitin Jerome Udoji, da aka kafa a 1972 ya miƙa rahoto a 1974, ya ba da shawarar shugaba da ma'aikaci su riƙa zama su tsayar da manufar aiki tare, a kuma bar rahoton sirri a koma auna ƙwazo a fili inda ma'aikaci zai ga abin da aka rubuta a kansa. Abin da jama'a suka riƙe shi ne ƙarin albashi da ariyas. A 1975 gwamnatin Murtala Muhammed ta sallami ma'aikatan gwamnati kusan 10,000, da yawa ta sanarwar rediyo ba tare da an ji ta bakinsu ba. Ko da wasunsu sun cancanci kora, waɗanda suka tsira sun fahimci cewa kujera ba ta da tabbas, kuma takardar auna ƙwazo ta shekara-shekara da aka shigo da ita bayan rahoton Udoji ta zama fom da ake cikewa lokacin ƙarin girma, kusan kowa da maki mai kyau.