Ɗan Maraya Jos: Mai kuntigin da ya riga 'yan fim shiga gidan talaka

Mai karatu, in kai mutumin Yawuri ne, ka san kiɗan fada tun kana yaro, domin Aliyu Ɗandawo da ɗan sa Sani sun ishe ka misali. Makaɗin fada sarki ya ke kallo, shi ya ke wasawa, daga hannun sa ya ke ci. To, yau ga labarin wani da aka haifa a wannan tsari, amma ya juya ya fuskanci talaka.

An haifi Adamu Wayya a Bukuru, kusa da Jos, cikin 1946. Mahaifin sa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Uban ya rasu, uwar ta bi shi tun Adamu na jariri, sai sarkin ya ɗauki riƙon sa. Daga nan ya samo sunan Ɗan Maraya. A wata tafiya da ya yi Maiduguri ne ya ga kuntigi, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, wanda ake haɗawa da gwangwanin kifi da fatar akuya. Ba ya buƙatar 'yan amshi, ba ya buƙatar mota guda ta makaɗa.

Wannan ya ba shi 'yanci. Wanda ba shi da ayarin da zai ciyar ba dole ba ne ya tsaya ƙofar mai kuɗi. Shi ya sa waƙar da ta fara fito da shi ta Karen Mota ce, wato yaron da kowa ke rainawa a tasha. A lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa. Bayan nan ya duƙufa kan gyaran al'umma: "Auren Dole", "Jawabin Aure", "Gulma-Wuya", "Mai Akwai da Babu".

Ka saurari "Jawabin Aure" da kunnen mai kallon fim. Shi ne mijin, shi ne matar, kowa da muryar sa da hujjar sa, rigima ta tashi a gaban ka. Wallahi fim ne sukutum, sai dai ba kyamara. Kuma ya yi haka tun kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da "Turmin Danya" a Kano cikin 1990.

Ɗan Maraya ya rasu a Jos ran 20 ga Yuni, 2015. Tambayar da ya bar wa furodusoshin mu ita ce: ina fim ɗin yaron mota? Ina na masuncin tafkin Kainji, wanda aka tashi garin kakannin sa lokacin da aka kammala dam a 1968? Labaran su na nan birjik daga Ngaski har Shanga, sai dai wanda zai ɗauka. Allah ya jiƙan Ɗan Maraya, amin.