Daga Wasan Kara zuwa Big Brother: Wa ke riƙe da kyamara?



Duk fadar da aka zauna shan shayi a Birni ko Zango, in aka kunna tele aka ci karo da gasar waƙa ko shirin nan da ake kulle samari da 'yan mata cikin gida guda, gardama ɗaya ce ke tashi. Wani ya ce wallahi shiri ne, tun kafin a fara sun san wanda zai ci. Wani ya ce ƙarya ne, ƙuri'ar jama'a ce. Dattijon da ke gefe kuma ya ce a kashe, wannan ba kallon ɗan Musulmi ba ne. Mun ga ya dace mu waiwayi tarihi, don mu Damagarawa mun daɗe da sanin wasan da ake ɗauko mutanen gari a baje su a fili.

Tun kafin tele ta zo muna da wasan kara. Bayan an kawar da amfanin gona, samari kan haɗa kayan wasa da karan hatsi, wannan ya zama sarki, wancan ya zama bafade, wani ya zama Nasara mai mulki, a kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, gari ya fito kallo. Inoussa Ousseini ya ɗauki wasan a fim mai suna Wasan Kara a 1980. Abin lura, wanda ake kwaikwaya yana cikin gari, mai kwaikwayon ma ɗan wane ne da kowa ya san ƙofar gidansu. In ya wuce gona da iri, tun kafin magariba labari ya isa kunnen ubansa.

Da Janar Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, aka farfaɗo da samariya, jihohi suka riƙa karawa a bikin matasa na ƙasa, da waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. A 1975 aka buɗe gasar kokowar takobi a Tahoua, Kantu na Maradi ya ɗauka. Da Télé Sahel ta kankama a ƙarshen shekarun 1970, gwamnati ta kafa akwatunan kallo na jama'a, unguwa guda ta taru gaban akwati guda. Nan muka ga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ORTN Zinder ta su Yazi Dogo, waɗanda ke tsara labari su hau su yi ta zuba magana daga ka. Nan kuma muka ga 'yan kokowa, har filin kokowarmu ya ci sunan Langa-Langa. Ko a lokacin akwai ƙorafi: an ce alƙalai sun yi son kai, an ce wasannin samariya yabon gwamnati ne. Amma a kokowa, in bayan mutum ya taɓa ƙasa, dubban idanu sun shaida.

Irin shirin da muke gardama a kai yau, a Holand aka haife shi. A 1999 kamfanin Endemol na John de Mol ya fito da Big Brother: a tara baƙin juna cikin gida, kyamara na kallonsu dare da rana, masu kallo na korar mutum ɗaya bayan ɗaya. Faransa ta yi nata a 2001, Loft Story a tashar M6 da Star Academy a TF1. M-Net ta Afirka ta Kudu ta kawo Big Brother Africa a 2003, Najeriya ta yi nata a 2006, sannan aka dawo da shi a 2017 da sunan BBNaija. A 2016 VoxAfrica ta buɗe The Voice na ƙasashe masu Faransanci. Parabol da Canal+ suka shigo da su ɗakunanmu, yanzu kuma salula ta raba wa kowa nasa guntun bidiyo.

To, mai cewa shiri ne yana da gaskiya? Yana da rabinta. Ba dole sai an rubuta wa 'yan takara abin da za su faɗa ba. Tun wurin zaɓen mutane ake ɗauko masu saurin fushi da masu son a gan su. Kyamara ta ɗauki awa 24, mai tace hoto ya fitar da minti 40, kuma shi ke zaɓar wanda za mu so da wanda za mu tsana. Faɗan da ya fi zafi shi ake yankowa a yi talla da shi. Kotun ƙoli ta Faransa ma ta gane haka: a watan Yuni 2009 ta yanke hukunci cewa waɗanda suka shiga L'Île de la tentation ma'aikatan kamfani ne, tunda ana ba su umarni ana tsara musu lokaci.

Batun ƙuri'a kuwa, kuɗi ne. Kowane saƙon salula ana raba kuɗinsa tsakanin kamfanin waya da mai shiri, kuma mai hali yana iya jefa ɗari shi kaɗai. A Ingila an taɓa kama tashar ITV da maguɗi a gasannin da ake kira ta waya, hukumar Ofcom ta ci ta tarar fam miliyan 5 da dubu 675 a 2008. Dattijonmu ma ba shi kaɗai ba ne: a 2001 hukumar sa ido ta Faransa ta tilasta wa Loft Story ba mazauna gidan lokacin da kyamara ba ta kallonsu, a Najeriya kuma ƙungiyar MURIC ta sha kiran a hana BBNaija.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen, salon ya iso gida. Ana buɗe gasa a Facebook ko TikTok, ta kyau ko ta waƙa ko ta girki, a ce kowace ƙuri'a dala ashirin. Mun san gidan da dangi suka haɗa jikkuna suka zuba wa 'yarsu, ranar sakamako aka ce wata ta ci, ba wanda ya nuna lissafi. Kuɗin sun tafi, hotunan yarinyar kuma suna nan suna yawo a wayoyin mutane, masu zagi na zagi. A wasan kara in an watse an watse, karan ma akuya ta cinye. Abin da ya hau intanet kuwa yana iya jiran yarinya har ranar da aka zo neman aurenta.

Ba mu ce a daina gasa ba. Gasar Dan Gourmou da aka fara a 1987 ta fito da mawaƙa da dama, musabaƙar Alƙur'ani kuma kullum cike take. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta nuna ana iya yin shirin Hausa mai jan jama'a. Roƙonmu ga iyaye da matasa, kafin ku biya ko ku tura hoto, ku tambaya: su wane ne alƙalai, wa ke ƙirga ƙuri'a kuma a gaban wa, ina kuɗin ke zuwa, kuma bidiyon na wane ne bayan an gama? Wanda ya kasa amsa waɗannan, ku riƙe kuɗinku.

Dattawan da suka yi wasan kara ko samariya, muna jiran ku gyara mana inda muka yi kuskure. Allah ya kare mana zuri'a, ya zaunar da Damagaram da Nijar lafiya.