Madobiya: Daga Fure Zuwa Gwajin DNA

Yau tarihin bishiya na kawo muku, kuma madobiya ce. Mu a nan Dingaya da sauran ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu, dattawa ba sa ɓata ta. Da rani idan ganye ya kakkaɓe sai ta ɓarke da fure ruwan ɗorawa, makiyaya na sassabo wa shanu ganyenta, in ka sare ta kuma wani jan ruwa ke fita kamar jini.

Da ido kakanninmu suka san itatuwa, kuma da ido Turawa suka fara. Wani likita ɗan Sikotland, J. M. Dalziel, ya yi aiki a Arewa zamanin mulkin mallaka, a 1916 ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa, inda ya haɗa sunanmu da na Latin. Ku lura, sunayen daga bakin manoma da masu magani suka fito, shi rubutawa ya yi. Hanyar dai ita ce a duba fure da ganye da 'ya'ya, a busar, a adana.

To, matsalar ita ce gungume ba shi da fure. Da kasuwar jan katako ta buɗe a Sin, sai aka afka wa madobiya a Afirka ta Yamma. A Najeriya, Taraba ce ta fi shan sara. A farkon 2017 bishiyar ta shiga rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wato ba a fitar da ita sai da takardar izini. A ƙarshen shekarar ƙungiyar EIA ta ce gungume miliyan 1.4 aka wanke da takardun da aka sa wa hannu bayan kaya sun riga sun bar ƙasa. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya, IUCN kuma ta sa ta cikin masu fuskantar ƙarewa.

Yanzu ka ɗauka kai ne jami'in kwastan. Ga kwantena cike da katako, ba ɓawo ba ganye, mai kaya ya rantse wani icen ne daban. Da me za ka ƙaryata shi?

Nan gwajin ƙwayoyin halitta ya shigo. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a riƙa gane kowace halitta da ɗan guntun DNA ɗinta, kamar zanen layukan da ke bayan kwalin kaya. Guntun da ya zaɓa ya yi wa dabbobi aiki, amma a tsirrai bai cika bambanta wannan da wancan ba. Sai a 2009 masana suka tsaya kan guda biyu, rbcL da matK. Ana karanta su, a gwada da na samfurin da aka tabbatar da sunansa. Abin da ya fi burge ni ke nan: ba a yin gwajin sai da busassun ganyen nan irin na su Dalziel, waɗanda ke jibge a Kew ta Ingila da ma'adanar tsirrai ta Ibadan.

Kada dai a ɗauka tsafi ne. DNA na lalacewa a tsakiyar busasshen ice, 'yan'uwan madobiya na kusa kuma sukan yi kama har a gwajin, sai an ƙara wasu guntayen. Kamannin nan na cikin dalilan da suka sa a taron Panama na 2022 aka sa duk danginta na Afirka a rukuni na biyu, tare da kawo da maɗaci.