Gishiri da Baƙi: Waiwaye a Kan Tarihin Ƙauyen Hallstatt na Ƙasar Ostiriya

1.0 Gabatarwa

A cikin duwatsun Alps na ƙasar Ostiriya akwai wani ƙauye da ake kira Hallstatt, wanda mazaunansa ba su kai mutum 800 ba. Yana maƙale ne tsakanin gindin dutse da bakin wani tafki mai zurfin mita 125. Filin da ke tsakani ya yi ƙanƙanta, har gidaje suka hau bisa juna kamar matakala. Babu ƙasar noma, kuma da hunturu wasu sassan garin kan daɗe ba su ga rana ba. Duk da haka an fi shekara 3,000 ana zaune a wurin. Wannan maƙala za ta dubi abin da ya zaunar da mutane a wannan lungu, da kuma yadda abin da ke ciyar da su a yau ya zame masu abin kuka.

2.0 Dutsen Gishiri

Sunan garin kansa ya ba da amsa. A wannan yanki, kalmar "Hall" kan fito a sunayen wuraren da ake aikin gishiri. Mai karatu da ya san darajar kantun Bilma, da yadda ayarin raƙuma ke ratsa hamada dominsa, ba zai yi mamakin mutanen da suka zaɓi ƙuncin dutse saboda gishiri ba. Bambancin shi ne, na Bilma daga ruwa ake samun sa a bar rana ta busar, na Hallstatt kuwa yana binne ne a cikin dutse, sai an haƙa.

Tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa ake haƙa manyan ramuka a kwarin da ke saman ƙauyen. Da yake gishiri yana hana ruɓa, ya adana abubuwan da ƙasa kan cinye a wasu wurare: jakunkunan fata na ɗaukar kaya a baya, huluna, takalma, tsummokara, guntayen itacen da aka kunna don haske, har da wata matakalar katako da ta haura shekara 3,000. Kai, ko bayan gidan mahaƙan bai ɓata ba. Nazarin da aka buga a 2021 ya nuna daga cikinsa cewa mutanen nan suna cin cuku tun kimanin shekara 2,700 da suka wuce.

A 1846 shugaban mahaƙar, Johann Georg Ramsauer, ya ci karo da wata tsohuwar maƙabarta. Daga lokacin zuwa 1863 ya tone kaburbura kusan 980, yana sa a zana kowanne kamar yadda aka same shi, abin da ba a saba yi ba a zamaninsa. An sami takubba, da tukwanen tagulla, da duwatsun ado daga gaɓar tekun Baltik, har da hauren giwa. Wannan ya sa masana suka raɗa wa farkon zamanin ƙarfe na tsakiyar Turai, wato daga wajen 800 zuwa 450 kafin haihuwar Annabi Isa, sunan wannan ƙauye. Abin lura a nan shi ne, ƙasusuwan masu wannan dukiya sun nuna alamun aikin ƙarfi, maza da mata har da yara. Ashe masu kayan adon su ne dai masu sara da dako.

Wajen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa zabtarewar ƙasa ta rufe ramukan. Ana kyautata zaton gawar da mahaƙa suka tarar cikin gishiri a 1734, da fatarta da tufafinta, ta wanda irin wannan masifa ta rutsa da shi ce.

3.0 Ƙarƙashin Sarauta

A 1311 Sarauniya Elisabeth ta gidan Habsburg ta ba Hallstatt matsayin garin kasuwa, aikin gishiri kuma ya koma hannun fada. Ɗaukacin yankin ya zama tamkar gandun sarki, shi ya sa har yau ake kiran sa Salzkammergut, wato mallakar baitulmalin gishiri. A wannan zamani an sauya dabara: a zuba ruwa cikin dutse ya narkar da gishiri, sannan a dafa ruwan a manyan kasake. Dafuwar ta cinye dazuzzukan kusa. Saboda haka tsakanin 1595 da 1607 aka fafe gungumen itace kimanin 13,000 aka harhaɗa su, suka zama bututu mai tsawon kilomita 40 da ke kai ruwan gishiri garin Ebensee, inda itace ya fi yawa.

Fada ta ciyar da mahaƙa, amma ba ta bar su da zaɓin kansu ba. Da yawansu sun bi ɗarikar Furotesta alhali sarakuna Katolika ne, kuma a 1734 aka kwashi ɗaruruwan mutanen yankin aka kai su Transylvania. Sai a 1781 aka yi masu sassauci. Majami'ar nan mai doguwar hasumiya da ke fitowa a kowane hoton garin ta jikokinsu ce, an gama ta a 1863. Gobarar 1750 kuwa ta cinye tsakiyar garin, don haka yawancin gidajen dandalin kasuwa bayanta aka gina su.

Ƙuncin wuri ya bi mutanen har kabari. Maƙabartar ba ta da fili, sai aka riƙa tone ƙasusuwa bayan shekara 10 zuwa 15 ana jera su a wani ɗaki na majami'a. Akwai ƙoƙon kai kusan 1,200 a ciki, fiye da 600 an rubuta masu suna an yi masu zanen furanni. Na ƙarshe an ajiye shi a 1995.

4.0 Zamanin Baƙi

Har ƙarshen ƙarni na 19 ba a shiga Hallstatt sai ta kwalekwale ko ƙaramar turba. Da aka zo maganar shimfiɗa babbar hanya a bakin tafki, mutanen gari suka ƙi, sai aka huda dutse aka buɗe hanyar ƙarƙashinsa a 1966. Wannan ƙi da suka yi shi ya tsare kyan garin, kyan nan kuma shi ya jawo abin da ya biyo baya.

UNESCO ta sa yankin cikin wuraren gadon duniya a 1997. A 2006 wani wasan talabijin na Koriya ta Kudu ya nuna ƙauyen, a 2012 kuma wani kamfanin ƙasar Sin ya gina kwafinsa sukutum a lardin Guangdong. Kafin annobar korona masu ziyara sun kai kusan miliyan ɗaya a shekara, wata rana ma 10,000 a yini guda. Hausawa kan ce baƙo raɓa ne, to raɓar Hallstatt ba ta bushewa: kafin wannan mota ta tashi wata ta sauke. Mafi yawansu ba su kwana. Hoto suke ɗauka a wuri guda su juya, ba tare da sun hau dutsen da ya haifi garin ba. An ruwaito wasu na leƙa gidajen mutane, suna zaton wurin duka gidan kallo ne.

Adalci shi ne a faɗi cewa kuɗin baƙi sun amfani garin. Har yanzu ana fitar da ruwan gishiri daga dutsen, amma injuna sun rage buƙatar hannu, kuma ba don baƙi ba da matasa sun watse. Sai dai mai haƙar gishiri na dā abin da ke ƙarƙashin ƙasa yake sayarwa ya koma gidansa ya rufe ƙofa, jikansa kuwa ƙofar gidan ce hajarsa.

Daga 2020 hukumar gari ta ƙayyade yawan manyan motocin baƙi da lokacin shigowarsu. A watan Mayun 2023 aka kafa shingen katako a wurin da aka fi ɗaukar hoto, amma surutu ya sa aka cire shi bayan 'yan kwanaki. A watan Agustan shekarar, mazauna kimanin 100 suka fito da kwalaye suna neman a ƙayyade yawan masu shigowa a yini, suka tare bakin hanyar nan ta ƙarƙashin dutse na minti 15.