Doguwar Sifa a Harshen Mutanen Polan

Duk wanda ya fara ɗora ido a kan rubutun mutanen Polan, ya ci karo da kalma irin dwudziestopięcioletni, mai harufa 21 a jere babu wurin shan iska, zai yi zaton marubucin mantawa ya yi bai ɗaga alƙalami ba. Alhali kuwa sifa ce guda tak, ma'anarta mai shekara ashirin da biyar, kuma an gina ta bisa ƙa'idar sarfu tsararriya. Dwu biyu ne, dziesto goma, pięcio biyar, letni kuma abin da ya danganci shekara, sa'an nan wasalin o da ke ƙarshen yanki na biyu da na uku shi ne zaren da ya ɗinke su.

Asalin wuyar karatunta daɗaɗɗe ne. A shekarar 966 sarkinsu Mieszko na Farko ya karɓi addinin Kirista, rubutu ya shigo ƙasar da harufan Latin, waɗanda ba don wannan harshe aka yanka su ba, domin sautukansa sun fi su yawa; mu da sai da aka yi wa b da d da k lanƙwasa kafin boko ya iya ɗaukar Hausa, mun san irin wannan ƙunci. Marubutan farko kowa ya yi ta ijtihadinsa, har wajen 1440, lokacin da Jakub Parkoszowic, shehin malami a jami'ar Krakow, ya rubuta risala a kan ƙa'idar rubutu, ko da yake shawarwarinsa ba su samu karɓuwa ba. A ganina waɗanda suka fi cancantar yabo su ne masu ɗab'in littattafai na Krakow a ƙarni na 16, irin su Florian Ungler da Hieronim Wietor, waɗanda larurar sana'a ta tilasta wa tsayawa a kan magana ɗaya, tun da mai jera harufan dalma da hannunsa ba shi da halin yin waswasi a kan kowace kalma. A hannun irinsu ne tagwayen harufa kamar sz da cz da rz suka zauna daram, kowanne yana wakiltar sauti guda, kuma har yau idan kalma ta iso ƙarshen layi ba a yarda a raba tagwayen nan ba.

Da wannan sani sai kalmar ta warware zuwa gaɓoɓi bakwai: dwu-dzie-sto-pię-cio-let-ni. Harafin i da ke cikin dzie da cio ba gaɓa yake ƙarawa ba, aikinsa tausasa baƙin da ya gabace shi, shi ya sa na farko yake fita kusan je, na biyu kuma kusan co irin namu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne wurin da murya take sauka da ƙarfi. A zamanin da, a gaɓar farko take sauka, kamar yadda 'yan'uwansu na ƙasar Cek suke yi har yanzu, amma a hankali ta gusa ta koma gaɓar da ke dab da ta ƙarshe, komai tsawon kalma. A nan let ce take ɗaukar nauyin. Idan kuwa i'irabi ya sauya, sifar ta zama dwudziestopięcioletniego, sai nauyin ya matsa gaba ya sauka a kan nie, kuma yaron da ke tafa hannu a aji yana ƙidaya gaɓoɓi zai tafa sau takwas maimakon bakwai.